Ungozomar Gobe Tana Zaune a Ajinmu Yau

A zangon karatun da ya gabata, wakilan wannan reshe sun je ta'aziyya gidan wani ɗan uwanmu malami, wanda aka tura koyarwa wani ƙauye shekaru uku da suka wuce, ya kuma tare can da iyalinsa. Maiɗakinsa ta fara naƙuda bayan sallar isha'i, ta sauka lafiya wajen ƙarfe ɗayan dare a hannun tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garin. Ana cikin murna sai jini ya ɓalle. Akwai ƙaramin asibiti a garin, da sabon fenti da sabon kwano, amma a kulle yake, domin ma'aikacinsa ɗaya ne, namiji, kuma da la'asar yake tashi ya koma inda yake kwana. Kafin a sami mota, kafin direban ya yarda ya hau hanya cikin dare saboda halin tsaro, har an kira assalatu. A hanya ta cika. Ta bar jaririya da yara huɗu, biyu daga cikinsu ɗalibai ne a makarantar da mahaifinsu ke koyarwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari.

Mun yi masa gaisuwa da kalmomin da aka saba, mun ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne kuma ya umarce mu da neman magani da riƙon sababi. Da muka dawo Katsina muka shigo GRA, inda wasunmu ke koyarwa, sai wani dattijo cikin wakilan ya faɗi abin da ke ran kowa. Ya ce da a nan abin ya faru, cikin 'yan mintoci an kai ta Asibitin Turai ko Babban Asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma duk inda aka je za a tarar da ungozoma a bakin aiki. Jiha ɗaya ce, sikelin albashi ɗaya ake biyan malamin birni da malamin ƙauye, amma matar wannan tana da mai tsayar mata da jini da tsakar dare, matar wancan kuwa ba ta da kowa.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan jaridar malamai da maganar ungozoma, alhali ga namu matsalolin na ƙarin girma da bashin alawus da cunkoson aji ba mu gama da su ba. Ruwanmu ne ta ko'ina. Matan da ke haihuwar nan matanmu ne da 'ya'yanmu da ƙannenmu, kuma da yawa daga cikinsu membobin wannan ƙungiya ne da kansu. Marayun da ake bari mu muke ganinsu a aji, mu muke lura da ranar da babbar yarinya ta daina zuwa makaranta saboda renon ƙannenta ya faɗo kanta. Hujjar da ta fi waɗannan nauyi kuwa ita ce, babu wata ungozoma mai takardar shaida a faɗin ƙasar nan da ba ta fara zama gaban malamin firamare ba. Matsayin wannan jarida shi ne, ƙarancin ungozomomi a ƙauyukan Katsina daga ajin firamare yake somawa, kuma ba za a magance shi ba sai 'yar ƙauye ta yi karatun da zai kai ta makarantar ungozoma, an ɗauke ta aiki, an biya ta haƙƙinta, ta zauna cikin mutanenta.

Ya kamata mu fara sanin girman abin da muke magana a kai. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar ta nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a gaban ƙwararren ma'aikacin lafiya, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai haihuwa ɗaya cikin biyar ba. Wannan binciken ne kuma ya nuna cewa Jihar Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa a ƙasar, inda lissafi ya kama 7.3 ga kowace mace a tsawon rayuwarta. Ke nan a 2018 mu ne muka fi kowa buƙatar mai karɓar haihuwa, muna kuma cikin yankin da ya fi kowa rashinta. Wanda yake son ganin abin da doguwar naƙuda ke jawowa idan babu mai lura, ba sai ya yi nisa ba. Ya je Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1980 yana yi wa mata aikin yoyon fitsari, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan lalura.

A al'adarmu, idan aka ce ungozoma, tsohuwa ce mai hankali da ake kira idan an sauka, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan jego. Wannan jarida ba ta raina ta ba, domin yawancinmu a hannunta muka faɗo, kuma har gobe ita ce amintacciyar matan gari. To amma aikinta yana da iyaka, ita ma ta san haka. Ungozomar da aka horar a makaranta tana auna jinin mai ciki tun a wurin awo, ta gane alamun jijjiga kafin ta auku, ta san allurar da ake yi idan ta auku. Tana bin tafiyar naƙuda a rubuce, ta san sa'ar da za ta ce a ɗauki matar nan zuwa babban asibiti tun da sauran ƙarfinta. Tana da allurar da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, ta kuma iya farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba. Rahoton halin ungozomomi na duniya na 2021 ya ce ungozomar da ta samu cikakken horo tana iya ɗaukar kusan kashi 90 cikin ɗari na muhimman ayyukan kula da lafiyar uwa da jariri, kuma idan aka wadata duniya da su kafin 2035 za a kauce wa kusan kashi biyu cikin uku na mutuwar mata wajen haihuwa. Rahoton ya ƙiyasta cewa duniya na da giɓin ungozomomi 900,000, kuma nahiyarmu ce ta fi jin jiki.

Kan zubar jini, wanda shi ne ya ɗauki matar ɗan uwanmu, akwai hujja daga gida. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororinsa. An yi amfani da wata leda mai awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, wadda ke tara jinin ta nuna yawansa, sannan da zarar ya kai wani ma'auni a haɗa matakan magani gaba ɗaya ba tare da jira ba. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Kayan aikin ba su da tsada. Amma leda ba ta shimfiɗa kanta, allura ba ta yin kanta, sai da mace mai horo a tsaye a wurin a daidai sa'ar.

Mu malamai ne, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji huɗu. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla cibiyar lafiya ɗaya a matakin farko mai aiki sosai. Haihuwa ba ta san lokacin tashi daga ofis ba, don haka dole cibiyar ta kasance a buɗe dare da rana. Ma'aunin da gwamnatin tarayya ta yi amfani da shi a 2009 shi ne ungozomomi huɗu a kowace cibiya, domin a riƙa karɓa-karɓa, wata ta yi dare wata ta huta. Huɗu sau 361 ya ba mu 1,444. Wannan na cibiyoyin mazaɓu ne kaɗai, ba a sa manyan asibitoci ba, ba a sa masu koyarwa a makarantun ungozoma ba, ba a kuma cire waɗanda ke hutun haihuwa ko ƙaro karatu ba. Muna kira ga duk mai ikon sa hannu a kan kasafi ya ajiye wannan lamba a gabansa, ya kwatanta ta da sunayen da ke cikin rajistar albashi, ya kuma faɗa wa jama'a bambancin, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.

An taɓa gwada cike giɓin ta hanyar turo ma'aikata daga nesa, kuma akwai darasi a ciki. A ƙarshen 2009 Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, da kuɗin da aka samu daga yafe wa Najeriya bashi. An tattaro sababbin da suka gama makaranta da marasa aikin yi da waɗanda suka yi ritaya, aka tura 2,488 zuwa cibiyoyi 652 a faɗin ƙasa, kowane rukunin cibiyoyi huɗu an haɗa shi da babban asibiti ɗaya. Yarjejeniyar ita ce tarayya ta biya kowace ungozoma naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara 10,000 ta kuma ba da masauki. Tsari ne mai kyau a takarda, kuma a wurare da dama mata sun ƙaru a wurin awo. Amma jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika nasu alkawarin ba, masaukin ma wani wuri babu, wani wuri ba ya zaunuwa. Da yawa daga cikin waɗanda aka turo Arewa ba su jin Hausa, sun bar maza da 'ya'ya a wata jiha mai nisa. Da wa'adi ya cika, ko tun kafin ya cika, sai suka tattara nasu ya nasu.

Babu malamin da zai karanta wannan bai ga kansa a ciki ba. Mun san abin da ke faruwa idan aka tura malama daga birni zuwa makarantar da ba ta da gidan malamai, ba banɗaki, ba katanga. Wata uku ba sa cika sai mijinta ya fara zarya ofishin ilimi neman a dawo da ita, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Aikin ungozoma aikin mata ne kusan ɗungurungum, rahoton 2021 ya ce kashi 93 cikin ɗari na masu yinsa a duniya mata ne, a wurinmu kuwa mace ba ta yarda namiji ya karɓi haihuwarta sai bisa larura, mijinta ma haka. Saboda haka duk abin da ke hana mace zama a ƙauye yana hana ungozoma zama. Ga kuma rashin tsaro a ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, wanda ya sa aikin dare a asibitin da ke bakin gari ya zama kasada. Wadda za ta iya daurewa ita ce wadda gidan ubanta ko na mijinta ke cikin garin, wadda idan an buga mata ƙofa da dare 'yar uwarta ce ke naƙuda.

To a nan maganar ta dawo kanmu. Kafin yarinya ta shiga makarantar ungozoma, ko ta Malumfashi ko wata, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ta shar'anta mata kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu. Daga nan ta yi shekaru tana karatu da Turanci, ta rubuta jarrabawar hukumar, irin wadda 'yar Legas da 'yar Inugu ke rubutawa. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, cikin 'yan matan da suka gama aji shida a makarantun ƙauye bara, nawa ne ke iya karanta shafi guda su faɗi abin da ya ƙunsa? Nawa ne suka wuce ƙaramar sakandare, nawa talla da aure suka ɗauke? Cikin waɗanda suka kai babbar sakandare, nawa ne suka sami malamin Fizis da Kemistiri da ɗakin gwaje-gwaje? Yarinyar da ta bar aji uku ba ta iya karatu ba, ta bar aji shida ba ta gane kashi cikin ɗari ba, da wuya ta kai ga kiredit a Kemistiri, balle ta lissafa yawan maganin da za ta zuba cikin ƙarin ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunmu yake lokacin da yake ɗanye. Sakamakon haka shi ne guraben makarantun lafiya sukan tafi ga 'ya'yan birni, waɗanda iyayensu suka iya biyan makarantar kuɗi da darasin yamma, kuma in sun gama a birni suke son zama.

An gwada gyara wannan daga sama, kuma ya nuna abin yana yiwuwa. Daga 2012 zuwa 2020 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin shirin Women for Health, wato mata domin kiwon lafiya, a jihohin Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Ginshiƙinsa shi ne shekarar share fage. Mutanen gari da kansu ke zaɓo 'yarsu wadda ta gama sakandare amma kiredit ɗinta bai cika ba, a kai ta makaranta a sake koya mata kimiyya da Turanci da Lissafi, ta sake zama jarrabawa, in ta ci ta shiga makarantar jinya ko ungozoma ko fasahar kiwon lafiya, bisa alkawarin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. Har matan aure masu goyo aka ɗauka, aka tanadar musu wurin renon yara. Mu ma a fannin koyarwa mun ga irinsa, lokacin da aka riƙa ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta tallafa, su koma su koyar a garuruwansu. Abin lura shi ne, shekarar share fage faci ce a kan ɓarakar da aka yi tun daga ƙasa. Da firamare da sakandare sun yi aikinsu, da ba a buƙace ta ba. Tunda kuwa ana buƙatarta, bai kamata rayuwarta ta rataya a kan kuɗin baƙi ba, wajibi ne ta zama layi tsayayye a kasafin jiha kowace shekara.

Horarwa ita ma tana da nata ƙangin. Hukumar ba ta barin makaranta ta ɗauki ɗalibai yadda ta ga dama, tana ba da gurabe ne gwargwadon yawan malamai da ɗakunan kwana da kayan koyo da asibitin da za a yi aikin gwaji, domin ɗaliba ba ta zama ungozoma sai ta karɓi haihuwa da hannunta a gaban mai koya mata. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga guraben makarantun jinya da ungozoma daga 28,000 zuwa 64,000. Mun yi maraba da wannan, amma mu ne muka fi kowa sanin abin da ke faruwa idan aka ninka ɗalibai ba a ninka malamai ba, domin muna tsayawa gaban aji mai yara ɗari. Malamar makarantar ungozoma 'yar uwarmu ce a sana'a, kuma ƙarancinta ya fi ƙarancin gini illa. Dole a tura ƙwararrun ungozomomi su karanci koyarwa, a kuma biya su abin da zai hana su barin allo.

Bayan horo sai ɗaukar aiki, nan ma guga na yoyo. A gidajen membobinmu akwai 'yan matan da iyaye suka sayar da amfanin gona ko suka ci bashin ƙungiya suka kai su makarantar lafiya, suka gama, suka karɓi lasisi, yau suna aikin sa kai ko na wucin gadi a kan ɗan abin da bai kai kuɗin mota ba, alhali ga cibiyoyi a kulle. A ɗaya gefen kuma manyan da suka ƙware suna barin aiki da zarar lokacin ritayarsu ya yi, kuma duk shekarar da ta wuce ba a ɗauki sababbi ba, tsakanin tsohuwa da yarinya sai ya zama babu matsakaiciyar da za ta gaji ilimin ta koyar. Ga kuma masu ficewa waje. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya da ungozoma ya bayyana cewa ma'aikata fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ko da a ce 'yan Katsina ba su da yawa a cikinsu, abin yana taɓa mu, domin gurbin da aka bari a Abuja da Legas daga jihohi ake cike shi, gurbin babban birnin jiha kuma daga ƙauye. Tun 2014 manufar ƙasa ta yarda a horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, irin waɗanda makarantun Daura da Kankiya ke yayewa, su karɓi haihuwar da ba ta zo da matsala ba. Wannan taimako ne, kuma muna yaba musu, amma an yi shi ne domin a tallafa wa ungozoma, kada ya zama hujjar ƙin ɗaukarta.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga gwamnatin jiha da Majalisar Dokoki da su yi tsarin ɗaukar ungozomomi kowace shekara, a san yawan masu ritaya a maye gurbinsu, a ƙara a kai har a kai ga adadin da mazaɓu ke buƙata. A ware wa kowace ƙaramar hukuma nata guraben a makarantun ungozoma, a fifita 'yan mazaɓun da ba su da ko ɗaya, a kuma ba su takardar aiki ranar da suka karɓi lasisi, kamar yadda aka ɗaure su da alkawarin komawa gida. Duk cibiyar da za a gina ko a gyara, a haɗa da gidan ma'aikata mai katanga da ruwa da wutar sola, domin fenti ba ya karɓar haihuwa. A biya alawus ɗin zaman karkara mai tsoka, kan kari, ga ungozoma da malami baki ɗaya. Shugabannin ƙananan hukumomi kuwa su tuna cewa malamin firamare da ma'aikacin ƙaramin asibiti daga rijiya ɗaya suke sha, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi idon jama'a ya ƙara komawa kansu. Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu a matakin jiha su zauna da takwarorinsu na ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma, tunda duka muna ƙarƙashin inuwar Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, a kai maganar gidajen ma'aikata da tsaro da alawus ɗin karkara da murya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga iyaye da mazaje, musamman na cikinmu, maganar a fili take. Ba daidai ba ne mutum ya ce sai mace ce za ta duba matarsa, sannan ya cire 'yarsa daga makaranta tana aji biyu na sakandare. In kowa ya yi haka, daga ina macen za ta fito? Aure ba ya hana wannan karatu, an ga matan aure sun yi shi sun gama. Mijin da ya bar matarsa ta fita aikin dare domin ceton rai yana da rabo a ladan, kuma ya dace liman da mai unguwa su faɗi haka a bainar jama'a, domin a daina yi wa irin waɗannan mata kallon banza.

Mu kuma malamai, namu aikin ba ya jiran kasafin kowa. Kowannenmu ya ɗaura niyyar cewa yaro ba zai bar aji uku a hannunsa bai iya karatu ba, mace ko namiji. Darasin kimiyya a firamare ya wuce kwafar allo, ko da kwalba da ruwa da ƙwayar wake ne a nuna wa yara su gani da idonsu. Shugabannin makarantu su riƙe sunayen 'yan matan da suka gama aji shida, a farkon zango a bincika wace ce ta shiga sakandare wace ce ba ta shiga ba, a tafi gidansu tare da kwamitin gudanar da makaranta tun kafin magana ta yi nisa. Ranar 5 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar ungozomomi ta duniya. Babu abin da zai hana kowace makaranta ta gayyato ungozomar da ke kusa, cikin kayan aikinta, ta tsaya gaban 'yan aji biyar da shida ta ba su labarin yadda ta kai inda take, domin yarinya ba ta burin abin da ba ta taɓa gani ba. Muna kuma ba taron reshe mai zuwa shawara ya duba yiwuwar ware wani abu daga asusun walwala, domin biya wa 'ya'yan membobi da ke aiki a karkara kuɗin jarrabawar NECO da JAMB idan sun nufi karatun ungozoma, a fara da marayu.

'Yan uwa malamai, jaririyar da aka bar wa ɗan uwanmu tana hannun kakarta, tana shan madarar gwangwani da ake saye daga albashin malamin firamare. In Allah ya raya ta, nan da shekara shida za a kawo ta aji ɗaya a hannun ɗayanmu. Yayarta kuwa tana aji biyar yanzu, kuma malaminta ya shaida mana cewa ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Ko za ta kai makarantar ungozoma ko ba za ta kai ba, wani ɓangare na amsar yana wurin gwamnati, wani yana wurin mahaifinta, wani kuma yana wurinmu, kuma a kan namu ɓangaren ne za a tambaye mu. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya sauki matanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.